Tsamin Da Ke Gyara Da Tsamin Da Ke Ɓatawa: Abin Da Ya Sami Kununa A Yawuri

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta da waɗanda ake shirin kai su ɗakin miji bana. Yau ba zancen lalle ko ɗinki na zo muku da shi ba, zancen tsami ne. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, to shi kuma tsami mene ne abin rubutu a kansa? Ki dai biyo ni a sannu, domin ni ɗin nan tsami ya taɓa sa ni kuka wiwi a bayan ɗaki, ina amarya ko lallen hannuna bai gama gogewa ba.

An kai ni Yelwan Yawuri ne da tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana kan kai digiri 40, ga gumi na bakin ruwa wanda ban saba da shi ba. Sati na uku da tarewa aka ce gobe dangin maigida za su zo ganin amarya, wasu daga Wara ta ƙasar Ngaski, wasu daga Shanga. Ni kuwa da rawar kai irin ta sabon shiga na ce ba mai taya ni, kunun zaƙi zan yi musu wanda za su koma gida suna ba da labarinsa. Na jiƙa gero, na wanke, na kai niƙa da citta da kanumfari da ɗan dankali, na dama, na bar shi ya ɗauki ɗan tsaminsa, na tace bayan isha'i. Da na ɗanɗana sai da na yi wa kaina kirari. To don kada aikin safe ya yi mini yawa, sai na zuba sukari tun a daren, na juye a jarkoki biyu, na murɗe murfi tam, na jingine su a lungun ɗaki, na kwanta ina murmushi.

Baƙi ba su iso ba sai bayan azahar. Aka gaisa, aka yi barkwanci, aka ce amarya ta kawo ruwa. Ina shiga lungu na ga jarkokina sun kumbura sun yi tim kamar kwaɗon da aka taɓa, amma ban kawo komai a raina ba, na ɗauko ɗaya na dire a tsakar gida. Ina murɗa murfi sai ji kake fuuu! Murfi ya yi sama, kumfa ya wanke mini sabon zane. Abin da ya rage a ciki kuwa da na tsiyaya a kofi sai ya riƙa zuwa da yauƙi kamar miyar kuɓewa, ga wani irin yami mai hawa kai. Tsakar gida ta yi tsit. Can sai na ji faccalata ta ce da ta kusa da ita, ba ma a ɓoye ba, "Wanga ba banza ba. Ko dai an sa mata hannu, ko ko hannun nata ne ba ya da albarka."

A bayan ɗaki uwar mijina ta same ni. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ɗiyata, share hawayenki. Yaushe kin ka sa sukari?"

Na ce, "Tun jiya da dare, Inna."

Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "To ba mai hannu ciki, daga ke sai zahi. Sukari ba ya kwana cikin kunu da bazara, kuma kunu ba a toshe mai baki. Tashi ki wanke huska, akwai kindirmo ɗakina, mu dama musu hura."

Inna ba ta taɓa zama a aji ba, amma shekaru bayan haka da na koma karatu na buɗe littattafan kimiyyar abinci, sai na tarar maganarta ce dai aka shimfiɗa da dogon Turanci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, masu laifin da suka kunyata ni a jarka, su ne dai dangin waɗanda suka fid da ni kunya a cikin ƙwaryar kindirmon Inna. Gida ɗaya suka fito.

Su wane ne 'yan tsami?

Wasu halittu ne ƙanana ƙwarai daga cikin jinsin da ake kira bakteriya, ido ba ya ganin su sai da madubin likita. In aka jera dubu daga cikin masu siffar ƙwallo, da ƙyar su cika milimita ɗaya a jikin rular da kike zuwa da ita makaranta. Suna nan a jikin ƙwayar gero da dawa da shinkafa, a jikin ganye, a hantsar saniya, a jikin ƙwarya da ludayi, a bakinki da cikinki. Sana'arsu guda ce ta haɗa su, wato su ci sukari su fitar da wani ruwa mai tsami da masana ke kira laktik asid. Don sauƙi, a wannan rubutu zan riƙa ce musu 'yan tsami.

Iyayenmu sun shekara aru-aru suna kiwon su ba tare da sun san da su ba. Su ma Turawa ba da wuri suka gano ba. A 1780 wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwidin mai suna Scheele ya fara ware wannan asid daga cikin madarar da ta yi tsami, amma bai san mai yin sa ba. Sai a 1857 Luwi Fasto na Faransa ya nuna cewa abu ne mai rai ke wannan aiki, ba wai madara ce ke juyewa don kanta ba. A shekarun 1870 kuma likitan tiyata na Ingila, Josef Lista, ya yi nasarar ware iri guda shi kaɗai daga cikin madara ya rene shi.

Halayensu in kin riƙe su, rabin matsalar madafinki ta warware. Da farko dai makwaɗaita ne, ba sa rayuwa sai inda akwai sukari da kayan gina jiki, shi ya sa madara da ƙullu suka zama gidansu. Ba su damu da iska ba, sun ma fi sakewa inda babu ita. Suna jure tsamin da sauran ƙwayoyi ba sa iya jurewa, kuma da yawansu suna jure gishiri. Ba su da sulken da wasu ƙwayoyi ke shiga ciki su ɓuya in wuta ta yi wuta, saboda haka tafasa tana kashe su. Sai kuma saurin haihuwa. In ɗumi ya yi musu daidai, guda ɗaya kan rabe biyu cikin kamar rabin awa. Ɗauki biro ki lissafa: ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, in aka yi haka sau 20, wato awa 10, an wuce miliyan. Daga isha'i zuwa azahar ɗin gobe kuwa ya fi awa 15. Kin ga ashe ni na yi musu shimfiɗa, na kawo musu abinci, na kuma rufe musu ƙofa.

Yadda aka karkasa su

Wanda ya fara tsara su dangi-dangi yadda ya kamata wani masani ne ɗan ƙasar Danmak, Orla-Jensen, a 1919. Ya duba siffarsu, da irin zafin da suke so, da kuma abin da suke fitarwa in sun ci sukari. Ta fuskar siffa kashi biyu ne. Akwai masu kama da guntun sanda, su ne Laktobasilus. Akwai masu kama da ƙwallo, su kuma sun rarrabu: Sitireptokokus da ke jeruwa kamar carbi, da Laktokokus na madara, da Lukonostok, da Pediyokokus masu zama huɗu-huɗu. Kada sunayen su tsorata ki, ba jarrabawa za a yi ba. Su kansu masanan har gobe gyara suke yi, domin a 2020 sun ga dangin Laktobasilus ya yi yawa, iri sama da 260 a ƙarƙashin suna ɗaya, sai suka tsaga shi gida 25 kowanne da sabon suna mai karya harshe.

Rabon da ya shafe mu mu mata shi ne na sana'a. Akwai masu sana'a ɗaya tilo: su ci sukari, su mai da kusan dukkansa tsami, shi ke nan, ba kumfa ba hayaniya. Irin su Laktokokus da Sitireptokokus na madara da Pediyokokus ke nan. Akwai kuma masu haɗa sana'a: su ba da tsami, su ba da iskar kabon, su ƙara da ɗan asid irin na binega ko ɗigon barasa. Lukonostok na cikinsu, da 'yar uwarsa Waisela, da wani mai siffar sanda da ake yi wa laƙabi da famentum, wanda ya fi kowa yawa a jiƙon hatsi na ƙasashenmu. Waɗannan masu haɗa sana'ar su suka hura mini jarka. Yauƙin kuma aikin su Lukonostok da Waisela ne, domin in suka sami sukarin shago, irin na rake, sukan saƙa shi ya zama wani abu mai danƙo da ake kira destiran. Ko a masana'antun sukari ana fama da su, sukan sa ruwan rake ya yi kauri ya toshe bututu. Da na bari sai baƙi sun zauna sannan na sa sukari, da ba su sami zaren saƙa ba.

Amma fa kada ki tsane su. Iskar nan da ta fasa mini ido ita ce, tare da taimakon yis, ke sa ƙullun waina ya tashi ya yi ƙofofi, ita ke sa sinasir ya yi laushi. Duk wadda ta ci wainar shinkafar Yawuri da zafinta ta ci arzikinsu. Ƙanshin nan na man shanu da ke tashi daga kindirmo mai kyau, shi ma da hannun Lukonostok a ciki. A kaskon waina abokan arziki ne, a rufaffiyar jarka kuwa abokan gaba.

Ƙwaryar Inna

In ruwan tafki ya ja da baya da rani, ciyawa kan fito a inda ya bari, sai Fulani su gangaro da shanu, nono ya wadata a kasuwanni. Inna takan sayi madara da sassafe, ta tafasa, ta sauke ta bar ta ta huce har sai ɗan yatsa ya iya zama a ciki ba tare da ƙuna ba, sannan ta ɗebo ludayi ɗaya na kindirmon jiya ta zuba, ta rufe da faifai, ta ce kowa ya yi nesa. Kowane mataki a nan da dalilinsa. Tafasa ta kashe baƙin ƙwayoyi ta share fili. Hucewar da ta yi ta sauko da zafin zuwa wajen digiri 40 zuwa 45, wanda 'yan tsamin yogot suka fi so, yayin da su Laktokokus suka fi jin daɗin wajen digiri 30. In kika zuba irin a madara mai ƙuna kin dafa su, gobe ki tarar da ruwa tsululu. Ludayin jiya kuwa shi ne iri, kamar yadda manomi ke ajiye na shuka. Miliyoyi ne kika sako lokaci guda, su mamaye wuri tun kafin wani ya farga.

Masana suna da ma'aunin tsami da ya tashi daga 0 zuwa 14. Ruwan sha yana kan 7, lemon tsami yana wajen 2, wato duk sanda lamba ta yi ƙasa tsami ya ƙaru. Sabuwar madara tana wajen 6.6. 'Yan tsami na cin sukarin cikinta lambar na sauka, da ta kai 4.6 sai furotin ɗin madara ya haɗe jikinsa ya kwanta. Wannan shi ne kamawar kindirmo, shi ya sa ba a son girgiza shi a lokacin. A daidai wannan tsamin ne kuma yawancin ƙwayoyin da ke sa gudawa da masu ruɓar da abinci suke kasa yaɗuwa. Madarar da ba za ta kai yamma ba da bazara, in ta zama nono sai ta kwana biyu lafiya lau. Bugu da ƙari, waɗanda madara ke kumbura wa ciki sukan sha nono su zauna lafiya, saboda an riga an cinye musu wani kaso na sukarin da cikinsu ba ya iya narkarwa.

Ga wani abu ga 'yan matan da ke yin yogot na sayarwa a makaranta ko a unguwa. Wani lokaci za ki yi komai daidai amma ya ƙi kamawa. In da madarar shanu kika yi, mai yiwuwa an yi wa saniyar allurar kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan, maganin ya biyo nono ya kashe miki iri. In kuma da hunturu ne, sanyi ne ya sa su kasala, ki naɗe robar da bargo ki sa ta a lungu mai ɗumi. Na sha ganin an yi faɗa da maƙwabciya a kan wai ta leƙa roba da mugun ido, alhali buji ne kawai ya busa.

Haka zancen yake ga kamu. Gasarar da kika tace kika bari ta kwanta, 'yan tsamin jikin gero ne ke aiki a cikinta. Ki bar ruwa a samanta kullum, ki riƙa sauya shi, domin su ba su buƙatar iska amma fumfuna sai da iska take kamawa. Kokon da aka dama da irin wannan kamu, aka dafa shi sosai, ya fi wanda ba a tsimar ba aminci ga ƙaninki da ake yaye, musamman in zai ɗan jima a kofi. Tsimawar kuma tana rage wani sinadari na jikin hatsi da ke hana jiki ɗaukar ƙarfen da ke ƙara jini, abin da mu mata muka fi kowa buƙata. Kanwa ita ce kishiyar tsami. In ƙullu ya zarce kika sa masa ruwan kanwa zai daidaita a baki, amma ki sani kin sallami mai gadi, sai a soya a cinye a ranar.

Daddawa ba ta cikin wannan dangi, ko da yake ita ma tsimawa ake yi. Masu yin ta wasu ne daban da ake kira Basilus, masu sulken nan da tafasa ba ta cika kashewa ba, kuma su furotin suke ci ba sukari ba. Shi ya sa daddawa ba ta tsami, sai dai wannan ƙamshi nata da maƙwabta ke ji kafin ke.

Me ya sa kifi ba ya tsami?

Wannan tambaya ta daɗe tana cina tun ina zuwa bakin ruwa sayen kifi. Tun da aka datse kogin Kwara da madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon sama da kilomita 130, ya shafe tsibirai da garuruwa har aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni, ciki har da Gungawa, kifi ya zama babban abin da ake sanin wannan yanki da shi. Ga giwan ruwa, ga tarwaɗa, ga ƙarfasa, ga ƙurungu, ga 'yan mitsi-mitsin warangi da ake shanyawa. To amma madara in ta kwana sai ta zama abin sha, kifi kuwa in ya wuni sai ya zama abin zubarwa. Me ya bambanta su?

Amsar ita ce sukari. Madara tana da kusan kashi 5 cikin 100 na sukarinta, naman kifi kuwa kusan babu. 'Yan tsami suna nan a jikinsa da hanjinsa, amma ba su da abin da za su ci su yi tsamin da zai kori abokan hamayya. Sai fili ya zama na masu cin furotin, su kuwa abin da suke fitarwa wari ne. Shi ya sa matan Sarkawa ba sa wasa da lokaci, da an fito da kifi sai a fede, a wanke, a hau banda ko a sa gishiri a shanya. A can gabashin duniya sun yi wata dabara, wato su ba 'yan tsami abincin da kifi ya rasa. A bakin tafkin Biwa na ƙasar Japan ana sa wa kifi gishiri, sannan a danne shi cikin dafaffiyar shinkafa wata da watanni har ya yi tsami kamar cuku, suna kiran sa funazushi. A Tailan ma suna da irin nasu. Nakan yi dariya in na tuna cewa ga kifi ga shinkafa a Yawuri, amma na san ranar da na kai wa maigida kifi mai tsami, ranar zan kwana gidanmu. Kuma ba abin gwaji ba ne a gida, domin in gishiri ko tsami bai kai ba, guba ce za a haɗa.

Inda ƙarfinsu ya ƙare

A nan nake son ki natsu, domin akwai masu cewa ai nono ya yi tsami, ba abin da zai same ka. Ba haka ba ne. Tsami yana rage cuta, ba ya share ta. Ƙwayar tarin fuka ta shanu, da ta ciwon da makiyaya ke kira bakkale, mai sa shanu ɓari, mai sa mutum zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, duk suna iya tsallake tsami in ba a tafasa madarar ba tun farko. A masana'anta ana ɗumama ta zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. Ke da ba ki da ma'auni, ki bari ta tafaso kawai. Sannan nonon da aka tsinka da ruwan kogi ko na rijiyar da ba a rufe ba, an rage masa tsami an kuma ƙara masa baƙi. Furar da aka cura da hannun da ba a wanke ba ita ma haka. Hatsin da ya riga ya yi fumfuna a rumbu kuwa, jiƙo da tsimawa ba sa raba shi da dafinsa, na kaji ma bai dace ba.

Shi kansa tsamin yana da wa'adi. In abu ya daɗe, yis da fumfuna sukan zo su cinye asid ɗin, sai masu ruɓarwa su dawo. Don haka in kin ga yauƙi a abin da ba a san shi da yauƙi ba, ko roba ta kumbura, ko ɗaci ya maye gurbin tsami, ko wani launi baƙi ko kore ko ja-ja ya fito a sama, kada ki ce a tafasa a ba yara. Kunun zaƙi ko zoɓo da ya kwana biyu yana tsiyayar kumfa, yis ya karɓi aiki, ya kama hanyar zama abin da ba ma sha. Firji ma jinkirta su yake yi ba kashewa ba, balle in an ɗauke wuta tsakar dare.

A jikinki ma suna nan

Albasa ba ta yi halin ruwa ba, in ji masu magana, kuma a wannan dangi ma akwai irin su. Wani daga cikin masu siffar carbi yana zaune a haƙoranki. Duk sanda kika tsotsi alawa ko kika sha lemon kwalba, shi ma ya samu, sai ya zuba tsami a jikin haƙori, da lambar ta sauka ƙasa da 5.5 sai farin haƙori ya fara zaizayewa. Ba tsutsa ba ce ke cin haƙori kamar yadda masu magani a kasuwa ke nunawa a faranti. Asuwaki ko buroshi kafin barci ya fi miki kowane turare ranar da saurayi ya zo zance.

Na bar mafi muhimmanci a ƙarshe, kuma zan faɗe shi da kunya amma ba zan ɓoye ba. A 1892 wani likitan mata Bajamushe mai suna Doderlein ya gano cewa a gaban mace mai lafiya akwai 'yan tsami masu siffar sanda da yawan gaske. Daga lokacin da yarinya ta balaga jikinta ke fara tanadar musu abinci, su kuma su riƙe wurin da tsami tsakanin 3.8 zuwa 4.5, daidai da na kindirmo, wanda ke hana miyagun ƙwayoyi zama. To sai ki ga yarinya, don ƙawa ta ba ta shawara ko don aure ya matso, tana wanke ciki da sabulu mai ƙamshi, ko ruwan maganin wanke rauni, ko kanwa, ko tana cusa alif da haɗe-haɗen da ba ta san abin da ke cikinsu ba. Wata kuma da ta ji ɗan ƙaiƙayi sai ta aika kemis a sayo mata kafso ja da baƙi ta haɗiya ba ƙa'ida. Duk wannan korar masu gadi ne. Da sun tafi sai ƙarni irin na kifi ya biyo baya, ko farin ruwa mai guda-guda da ƙaiƙayi, ita kuma ta ce sanyi ne, ta ƙara wanki, abin ya ƙara lalacewa. Ruwa mai tsabta daga waje ya isa, a tsane jiki, a sa kamfai na auduga. In kin ga canjin launi ko wari ko ciwon mara, ki gaya wa mama ko yayarki ku je asibiti a duba, ba abin kunya ba ne, kuma yakan sami budurwar da ba ta san komai ba.

Faccalata dai mun shirya daga baya, har ita ta koya mini yadda ake gane kifin jiya daga launin cikin kunnensa. Ƙwaryar kindirmon Inna kuwa tana wurina yanzu, ita ta ba ni da hannunta ranar sunan ɗana na fari. Sharaɗin da ta kafa mini guda biyu ne: kada omo ya taɓa ta, ruwan zafi da rana sun ishe ta, kuma kada in taɓa shanye na jiya duka ban rage ludayi ɗaya ba.